Ciwo Ya Kwanta, Sai a Ajiye Magani? Darasi a kan Gyambon Babban Hanji

Ɗan'uwa mai karatu, idan kai ne likita ya shaida wa cewa kana da gyambon babban hanji, ko kuwa wani naka ne na jiki, mata ko miji ko ɗa, to akwai wata tambaya da ba makawa sai ta zo maka. A kwanakin da kake zaryar banɗaki sau 8 ko 10 a yini, jini da majina na zuba, ka bar rumfa a hannun yaro, tambayar ba ta ko gifta maka a zuciya. Ko nawa aka ce kuɗin magani, biya kake yi ba ciniki. Sai bayan wata 6 ko shekara guda, ciki ya kwanta, jiki ya murmure, ka koma bin kasuwanni kamar da, sannan wata rana ka tsaya gaban mai kemis kana ƙirga kuɗi, zuciya ta ce maka: to ai na warke, wannan kuɗi ba gara in zuba shi cikin jari ba?

Tambaya ce ta mai hankali, kuma ta cancanci amsa cikakkiya. Amsar tana da rassa, domin magungunan wannan ciwo ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda dole ne a rabu da shi, akwai wanda ake iya ragewa, akwai kuma wanda ajiye shi kan jawo hasarar da ta fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Abin takaici, a kasuwanninmu sau da yawa ana juya lamarin: wanda ya kamata a bari shi ake riƙewa saboda araharsa, wanda ya kamata a riƙe shi ake saki saboda tsadarsa.

Wane ciwo ne wannan?

Mu fara tantance shi, don kada mu yi ta magana a kan ciwo biyu. Idan a asibitin Najeriya aka duba ka, za ka ga an rubuta ulcerative colitis a katinka, ko a taƙaice UC. Idan a Nijar ne, ko Kamaru ko Chadi, likita zai rubuta rectocolite hémorragique, ko RCH. Sunan ne biyu, ciwon ɗaya ne. Ka riƙe duka biyun, domin mai tsallaka iyaka yana bukatarsu.

Ya bambanta da gyambon ciki da aka fi sani da olsa, wanda ke kama tumbi. Ya bambanta da basir, ko da yake mutane da yawa sun yi shekaru suna shan jiƙon basir kafin a gano ainihin abin da ke damunsu. Ya kuma bambanta da atini, wanda ƙwayar cuta ke kawowa ta ruwa ko abinci, a sha maganinta ta mutu a huta. A gyambon babban hanji, garkuwar jikin mutum ce da kanta take afka wa fatar cikin hanjin, ta sa ta kumbura, ta yi ja, ta sassale, tana zubar da jini. Yakan fara daga dubura ya yi sama. A wani ya tsaya nan kusa, a wani ya kama ɓangaren hagu, a wani kuwa ya mamaye babban hanjin baki ɗaya. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba a kuma sa wa wani, saboda haka babu dalilin ware wa mai shi kwano. Wani likita a Landan mai suna Samuel Wilks ne ya bayyana shi a 1859, ya rarrabe shi da atini, kuma har yau ba a sami ƙwaya ko allurar da ke tumɓuke shi ba. Abin da magani ke yi shi ne ya kwantar da shi, ya kuma hana shi tashi.

Kwanciya daban, warkewa daban

Duk wanda ya taɓa ganin wutar ƙaiƙayi ya san halin wannan ciwo. Sama toka ce, ba hayaƙi ba harshe, amma ka tona da sanda ka ga ja. Mai gyambon hanji yana iya yin bayan gida sau ɗaya a yini, babu jini, yana cin tuwonsa lafiya lau, alhali fatar hanjin ba ta gama warkewa ba. Shi ya sa likitoci ba su tsayawa ga abin da ka ji a jikinka kawai. Suna duba jini, su ga ko akwai alamar kumburi ko ƙarancin jini. Inda akwai hali suna auna wani sinadari a bayan gida da ake kira kalfurotektin, wanda ke ƙaruwa idan hanji na kumbure, sau da yawa tun kafin mutum ya ji komai. Sama da duka akwai leƙa hanjin da na'ura mai kyamara ta dubura, a ga fatar ido da ido, a ɗan ciro ƙwarya-ƙwaryar tsoka a duba. Wanda aka leƙa aka ga hanjinsa fes ya fi samun doguwar kwanciyar ciwo a kan wanda alamu kawai suka ɗauke masa.

To amma ko hanjin ya yi fes, me ke faruwa idan an janye magani? An gwada wannan tun da daɗewa. A 1973, a Oksfod ta ƙasar Ingila, wasu likitoci biyu, Dissanayake da Truelove, sun ɗauki mutum 64 da suka yi aƙalla shekara guda suna shan salfasalazin, ba su da wata alama, an kuma leƙa ba a ga kumburi ba. Aka bar wasu a kan maganinsu, wasu kuma aka musanya musu da ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta. Cikin wata 6, tashin ciwo a wajen waɗanda aka janye wa magani ya ninka na sauran fiye da sau 4. Shekaru 30 bayan haka, a 2003, wani bincike a Shikago ta Amurka ya bi masu shan mesalazin har shekara 2, aka ga masu tsallake magani, waɗanda ba su karɓar ko kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta musu, haɗarin tashin ciwonsu ya ninka na masu kiyayewa kamar sau 5.

Ka lura, ba kowane wanda ya daina ne ciwonsa ya tashi a cikin wa'adin binciken ba. Wannan shi ke ruɗar mutane. Za ka haɗu da wani a tasha ya ce maka shi shekararsa 2 rabonsa da ƙwaya kuma ga shi garau. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma waɗanda suka daina ciwon ya kayar da su ba a tasha za ka gan su ba, suna kwance a gida.

Maganin da dole a rabu da shi

Firednisolon, wanda ake rubutawa Prednisolone a kwali, ko Solupred a farmasin ƙasashen da ke amfani da Faransanci, da ɗan'uwansa Cortancyl, su ne ruwan kashe gobara. Tun 1955, lokacin da Truelove da Witts suka nuna amfanin irin wannan magani, ya ceci rayuka masu yawa. Idan ciwo ya tashi da ƙarfi likita yakan fara da miligiram 40 a yini, sannan a riƙa ragewa, galibi miligiram 5 kowane mako, har a sauka gaba ɗaya cikin kamar wata 2. Aikinsa ke nan, daga nan ya ƙare. Ba ya hana ciwon dawowa, kuma zama a kansa wata da watanni yana kawo ciwon sukari, hawan jini, lalacewar ƙashi, yanar ido, kumburin fuska, rashin barci, da raunin garkuwar jiki har tarin fuka ya sami ƙofa.

A nan ne tarkon yake. Firednisolon ba shi da tsada, babu kemis ɗin da ba a samunsa, har a tiren masu yawo da magani a ka. Yana aiki cikin kwana 2 ko 3, yana buɗe ciki, yana sa mutum ya yi ɓulɓul har a riƙa yi masa barka da samun lafiya. Danginsa ne ma ake zubawa cikin ƙwayoyin sa ƙiba da wasu mata ke saye. Sai mai ciwo ya ajiye mesalazin mai tsada, ya ajiye firednisolon a aljihu, duk sa'ad da ya ga jini ya watsa 4 ko 5. Wanda ya kama wannan hanya ya sayi sauƙin mako guda da lafiyar shekaru. Akwai kuma wani haɗari na kurkusa: ba kowane jini a bayan gida ne tashin gyambo ba. A yankinmu atinin amiba ya yawaita, musamman da damina, kuma shan firednisolon a kan amiba na iya sa ta huda hanji. Shi ya sa ake fara gwada bayan gida kafin a taɓa shi.

Duk da haka, idan ka riga ka wuce mako 3 kana shan sa, kada ka yanke shi rana ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke samar wa jiki irin wannan sinadari; idan ta ga yana shigowa daga waje sai ta yi barci, kuma farkawarta na ɗaukar lokaci. Wanda ya yanke farat ɗaya yana iya samun kasala mai tsanani, amai, jiri, faɗuwar jini, har suma. A hankali ake sauka, bisa jadawalin da likita ya rubuta. Idan kuwa duk lokacin da aka rage sai ciwon ya motsa, ko ka bukaci shi sau 2 cikin shekara guda, wannan alama ce cewa maganin tsaronka bai isa ba, a canza shi ko a ƙara.

Maganin da ake riƙewa

Mesalazin shi ne mai gadin rumfa. Za ka same shi da sunan Pentasa, ko Asacol, ko Salofalk, akwai na haɗiya, akwai na cusawa ta dubura, akwai na ruwa da ake ɗurawa. Aikinsa a kan fatar hanjin yake kai tsaye, ba ya danne garkuwar jiki, kuma mutane na shan sa shekara da shekaru lafiya. Abin da ake bukata kawai a riƙa duba ƙoda, aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai gadi kuwa, ka sani, ranar da ba a yi sata ba ita ce ranar da ya yi aikinsa, kuma ita ce ranar da maigida ke ganin kamar albashinsa asara ne.

Ana iya rage shi, kuma a nan ne mafi yawan masu karanta wannan takarda za su sami sauƙi. Lokacin tashin ciwo akan ba da giram 4 ko sama da haka a yini. Idan ya kwanta an tabbatar, likita na iya saukowa zuwa wajen giram 2, wato rabin kuɗin ke nan. Ƙasa da wannan kariyar na raguwa. Wanda ciwonsa bai wuce dubura ba, na cusawa kaɗai na iya isar sa, sau 3 a mako da dare, maimakon kullum. Mutane da yawa na ƙyamar na cusawa, kuma ba a ga laifinsu ba, amma ga ciwon da ke can ƙasa ya fi na haɗiya isa wurin. Haka kuma an tabbatar cewa shan adadin yini gaba ɗaya a lokaci guda yana aiki daidai da rarraba shi kashi 3, abin da zai taimaki wanda ke wuni a mota ko a tsakiyar ciniki. Sai dai kada ka tauna ƙwayar ko ka daka ta, kada kuma ka raba ta biyu don ta daɗe sai in an ce irin taka na rabuwa, domin an lulluɓe ta ne yadda ba za ta narke ba sai ta isa hanji.

Daina shi ɗungum fa? Akwai waɗanda likita kan yarda su gwada: wanda ciwonsa ɗan kaɗan ne a dubura, sau ɗaya ya taɓa tashi, ya yi shekaru a kwance, aka leƙa aka ga babu komai. Akwai kuma wanda aka riga aka ɗora a kan allura mai ƙarfi, inda mesalazin ba ya ƙara wani abin kirki. Amma wanda ciwon ya kama masa hagu ko hanjin duka, ko ya taɓa kwanciya asibiti saboda shi, shawarar da aka fi bayarwa ita ce ya ci gaba. Dalili na biyu, bayan gudun tashin ciwo, shi ne kumburin da ya daɗe yana ci a ɓoye yana ƙara haɗarin sankarar hanji. Don haka ne ake son wanda ciwonsa ya wuce dubura a leƙa hanjinsa idan ya kai shekara 8 da farawa, ko da yana jin kansa garau.

Idan aljihu ne ya gaza

Mu faɗi gaskiya, mafi yawan masu ajiye magani a wajenmu ba gardama ce ta sa su ba, kuɗi ne da rashin samuwa. Mesalazin daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin canji, kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Wani sai ya aika Kano ko Sakkwato, wani Maraɗi ko Yamai. Idan haka ne halinka, ka faɗa wa likita ƙarara. Kunya ba ta da wuri a nan. Likitan da bai san ka rage magani ba zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya hau da kai zuwa wanda ya fi tsada da haɗari.

Akwai mafita da ake mantawa da ita: salfasalazin, wanda ake sayarwa da sunan Salazopyrin. Tsohon magani ne, wata likita 'yar ƙasar Suwidin mai suna Nanna Svartz ce ta samar da shi wajen 1940, kuma a 1977 aka gano cewa mesalazin ɗin da ke cikinsa shi ne mai aikin. Yawanci ya fi araha ƙwarai, kuma wajen hana ciwo tashi bai gaza sababbin ba. Giram 2 a yini ake sha don tsaro, ƙwaya 4 ke nan masu miligiram 500, tare da folik asid. Yana da nasa sharuɗɗa. Yakan sa ciwon kai ko tashin zuciya da farko, yakan rina fitsari ya yi ruwan lemo, wanda ba abin tsoro ba ne. Wanda Septrin ko Fansidar ke fesa wa ƙuraje kada ya kusance shi. Wanda ke da ƙarancin sinadarin jini da ake kira G6PD, abin da ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana iya fasa masa jini, don haka a gwada. Ga maza kuma yana rage ƙwayoyin maniyyi, amma abin na komawa daidai cikin wata 2 ko 3 bayan an canza zuwa mesalazin. Mai neman haihuwa ya faɗa a canza masa, kada ya ajiye a ɓoye.

Sai batun iyaka. Ba mu manta ba yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020, da yadda aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024. Masu bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, da Illela zuwa Birnin Ƙonni, da Maigatari, da Kamba zuwa Gaya, sun san abin da kaya suka yi a lokacin. Wanda maganinsa ke zuwa daga ɗaya gefen ya yi ƙoƙari ya riƙa ajiye na wata guda a gaba, kamar yadda ba ka bari sai buhun ƙarshe ya ƙare kafin ka yi odar kaya. Ka riƙe takardar likita tare da kai, ka ɗauki hoton kwalin a waya. Idan ba ka sami irin wanda ka saba ba ka sayi wani suna, ka sanar da likita, domin ba duka suke narkewa a wuri ɗaya cikin hanji ba. Kada ka bar magani a gaban mota cikin rana. Na cusawa ma narkewa yake yi, gindin randa ya fi masa. A Najeriya ka duba lambar NAFDAC, a ko'ina kuma ka guji na tire.

Ka yi lissafin kamar yadda kake yi wa kowane kaya. A gefe guda kuɗin ƙwayar wata 6. A ɗaya gefen kuɗin gado, da ruwan da za a ƙara, da jinin da za a nema, da motar zuwa babban asibiti, da mai jinya da shi ma ya bar sana'arsa, da makonnin da rumfa za ta yi a rufe abokan ciniki na komawa maƙwabta. Wani lokaci kuma ciwon da ya tashi ba ya komawa ya kwanta da adadin da ya riƙe shi a da.

Masu ƙarfi

Wasu mesalazin ba ya riƙe su, sai an haɗa da azatiyofirin, wato Imuran ko Imurel, ko allurai irin su infiliksimab da ake ƙarawa ta jijiya kowane mako 8, da adalimumab da ake yi a ƙarƙashin fata kowane mako 2. Waɗannan suna danne garkuwar jiki, saboda haka a kansu maganar dainawa tana da nauyi ta ɓangarori biyu. Azatiyofirin na bukatar gwajin jini kamar kowane wata 3, kuma daɗewa a kansa, musamman ga wanda ya manyanta, yana ɗan ƙara haɗarin wata sankarar jini da ta fata. Alluran kuma na iya tayar da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki. Don haka likita da kansa yakan ɗago maganar ragewa bayan shekaru na kwanciyar ciwo. Amma ga abin da aka gani: a wani gwaji a Birtaniya a 1992, cikin shekara guda ciwo ya tashi wa kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka janye wa azatiyofirin, a kan kashi 36 na waɗanda suka ci gaba. A Japan a 2021, bayan mako 48, kimanin kashi 80 na masu ci gaba da infiliksimab suna nan lafiya, a kan kimanin 54 na waɗanda suka daina. Allurar kuma tana da wani hali: idan ana yi ana tsallakewa, jiki na iya ƙera mata makami, ranar da aka koma ta ƙi aiki ko ta jawo borin jini. Wanda ya ga ba zai iya ɗorewa da kuɗinta ba ya faɗa tun kafin a fara.

Wani abu da ya shafi matafiya: allurar rigakafin shawara, wadda ake neman katinta a wasu iyakoki da filayen jirgi, ba a yi wa wanda ke kan waɗannan magunguna masu danne garkuwa. Kada ka ajiye maganinka da kanka don ka samu a yi maka. Ka tambayi likita yadda za a yi.

Ciki, goyo da azumi

'Yar'uwa, idan kin sami ciki, uwa ko uwar miji na iya ce miki ki ajiye duk wata ƙwaya saboda abin da ke cikinki. Niyyarsu mai kyau ce, amma a wannan ciwo abin da ya fi cutar da jariri shi ne ciwon ya tashi: yana kawo ɓari, haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi. Mesalazin da salfasalazin ana ci gaba da su a ciki da lokacin shayarwa, sai dai mai shan salfasalazin a ƙara mata folik asid. Azatiyofirin da alluran da aka ambata ma galibi ba a tsayar da su. Akwai 'yan kaɗan da ba su dace da mai ciki ba, irin su metotireksat da tofasitinib, shi ya sa ya fi kyau a yi maganar da likita tun ana shirin ɗaukar ciki. Maigida, rakiyarka zuwa asibiti ranar wannan magana za ta sauƙaƙa mata bayani a gida.

Azumi kuwa bai zama dalilin ajiye magani ba, tunda ana iya shan na yini gaba ɗaya da sahur ko bayan buɗa baki, na cusawa kuma a yi shi lokacin kwanciya. Wanda ciwonsa ke tashe, yana gudawa yana zubar da jini, ya nemi shawarar likita da ta malami kafin ya ɗauka.

Idan an yanke shawarar ragewa

A yi shi a lokacin da ya dace, bayan gwaji, kuma magani ɗaya a lokaci ɗaya, don in ciwon ya motsa a san wanne ne sanadi. Kada a fara ana gab da doguwar tafiya, ko aikin Hajji, ko kakar da ba ka da sukunin zuwa asibiti. Kafin ka fita daga ɗakin likita ka tabbata an rubuta maka abu uku a kati: sabon adadin, ranar dawowa gwaji, da abin da za ka yi idan ka ga alama. Sau da yawa abin da za a ce shi ne ka koma tsohon adadin mesalazin nan take ka kawo bayan gida a duba, saboda haka ka ajiye ragowar da za ta kai ka mako 2.

A wannan lokaci ka yi hattara da magungunan ciwon jiki, irin su diklofenak, ibufurofen da Feldene, da haɗin da masu kemis ke ƙullawa a leda don gajiya, domin suna iya tayar da ciwon. Farasitamol ya fi aminci. Jiƙo da sassaƙe masu sa gudawa don wanke ciki su ma ka nisance su, kuma duk abin da kake sha na gargajiya ka ambata wa likita.

Ka riƙa duba bayan gidanka, ko da a ce ba abin sha'awa ba ne. Jini ko majina da suka wuce kwana 2, ƙaruwar zuwa banɗaki, tashi cikin dare, ko jin matsuwa alhali babu abin da ke fita, duk saƙo ne cewa a koma asibiti cikin makon. Idan kuwa bayan gida mai jini ya kai sau 6 a yini, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya da sauri, ko jiri da farin ido, ko ciki ya kumbura yana ciwo, wannan na gaggawa ne. Kada a ba shi Imodium ko wani maganin tsayar da gudawa, domin yana iya sa hanjin ya buɗe ya fashe. A ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hanya, a ɗauki katinsa da kwalayen duk abin da yake sha, a nufi asibiti mafi kusa da ke da gadon kwanciya da wurin ƙarin jini, ko a wane gefen iyaka yake.